Agogon Baba Ya Ƙi Zaman Biro

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Idi mai lambu, a Madarunfa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai zuciya ta yi nauyi in ajiye alƙalami. Bana kuwa da dariya na zauna rubutun, kuma agogonsa ne ya jawo.

Abin ya faro ne daga kwaɗayina. An yi mini ƙarin girma a biro, wato ofis, a Maradi, sai na ga ya kamata hannuna ya nuna alama. Abokan aiki suka yi ta turo mini hotuna ta waya. Wannan na zinariya ne, wancan yana ƙirga takun mutum da bugun zuciyarsa, wani kuma tsoho ne irin wanda masu tara agoguna ke rububi a kai. Na yi mako biyu ina dubawa har idona ya gaji, ban tsai da shawara ba. A nan ne na tuna yadda Baba ya zaɓi nasa, labarin da ya ba mu har muka haddace.

A Kano ya saye shi da ya je cirani, ina goye. Kwana uku yana zarya wurin mai agogo. Bai tambayi sunan kamfani ba, don a boko lambobi kawai ya sani. Abin da ya dame shi shi ne ko agogon zai jure ruwa da laka, kuma ko zai ga ƙarfe nawa ba tare da ya saki fartanya ba. Ya ƙi mai pil, wato batir, ya ce ba zai ɗauko wa kansa wani bakin ciyarwa ba. Ya dawo da na ƙarfe mai farar fuska, wanda shekaru suka mayar kalar man shanu.

Ba don ado ya saye shi ba. Su biyar ne suka haɗa hannu suka sayi injin ban-ruwa ɗaya a lambunan gefen tafki, kowa da awarsa. Kafin agogon, da inuwa ake auna lokaci, kuma kullum sai an yi cacar baki. Da ya zo, sai gardama ta mutu. In aka ce "agogon Idi ya ce", magana ta ƙare. Na sha ganin Baba ya kashe inji a kan awarsa alhali rabin tumatirinsa bai sha ba, ya miƙa wa na gaba tiyo yana murmushi. In muka tambaye shi me agogon ke ci tunda ba pil, sai ya ce, "Wanga? Zuhwa shike ci." Mu kuwa muka ɗauka zolaya ce irin tasa.

Kwana biyu da rasuwarsa agogon ya tsaya. Innarmu ta dube shi ta ce, "Ya bi mai shi." Ba wanda ya yi musu, don dukanmu haka muka ji a ranmu. Ta naɗe shi a tsumma, ta sa a ƙasan kwalla, kuma a nan ya yi shekara goma sha biyu.

Da na rasa zaɓi, sai na je gida na roƙi Inna ta ba ni shi, ko goge shi a yi in ajiye a ɗaki. Na sa a aljihu na hau kabu-kabu zuwa tasha. Wanda ya san hanyar unguwarmu ya san yadda take girgiza mutum har haƙori. Ina sauka na ciro shi in ga ko gilashin bai fashe ba, sai na ga siririyar allurar tana tafiya. Na kara a kunne, na ji shi yana bugawa. Wallahi sai da na nemi benci na zauna, ina dariya ina share ido, masu shayi suna kallona.

Wani tsoho mai gyaran agogo a kasuwar Maradi ya warware mini. Ya buɗe bayan ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai lilo. Ya ce shi ke ba agogon ƙarfin tafiya duk lokacin da hannu ya motsa, in an ajiye shi kwana biyu sai ya tsaya. Ashe Baba gaskiya ya faɗa mana, mu ne ba mu tambayi kowa ba. Tsohon ya wanke shi, ya sa masa mai, ya ce irinsa ne masu tarawa ke nema, in na yarda zai haɗa ni da mai saye a ranar. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ni ne babban ɗa namiji, ni zan ɗaura shi kullum, kuma ba zai sake tsayawa ba. Haka na yi wa Inna alkawari, ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Bayan kwana huɗu ya tsaya. Na girgiza shi ya tashi, bayan kwana uku ya sake. Na koma wurin tsohon a fusace, na ce gyaransa bai yi ba. Ya duba ya ga lafiya lau, sai ya ɗago ya dube ni.

"Malam, wane aiki kake yi?"

Na ce ina sa hannu a takardu.

"Da mi kake tahiya biro?"

Na ce da mota.

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "To ai yunwa ta kashe shi. Mai shi na hwari ba zaune shike wuni ba."

Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Na ji tsoro kuma, don ban san da wace fuska zan gaya wa Inna agogon ya sake mutuwa a hannun ɗanta ba. Na yi ƙoƙari. Na riƙa kaɗa hannu a biro kamar mai korar ƙuda, har sakatariya ta tambaye ni ko kafaɗa ke ciwo.

Da na je gida na wuce lambu, wurin Yaya Rabi. Ita ce babbarmu, kuma ita ta riƙe lambun Baba tun da mu maza muka watse birni. Na same ta tana jan tiyo, laka har gwiwa. Na ba ta labari, ta yi dariya har ta dafa ƙugu, sannan ta ce, "Kawo shi nan, ƙanena, in gani ko ya san hannun gida." Ya yi mata yawa, sai da aka rage awarwaron. Na ce ta riƙe shi mako guda. Yau wata biyar ke nan bai tsaya ba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga zamaninmu, inda kowa ke da lokaci a waya amma ba mai cika alkawari a kan lokaci. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Amma da ya ga agogon da na saya daga baya, da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Na zamani ne mai tsada, kullum sai an ba shi wuta, kuma in na daɗe a zaune sai ya yi kuka ya ce in tashi in taka. Na biya kuɗi mai yawa don a gaya mini abin da agogon Baba ya gaya mini kyauta.

Na so a ce ni ne magajinsa, na kuma ɗauka zama babban ɗa ya isa. Yanzu na gane Baba bai bar mana abin sakawa a kwalla ko abin nunawa a biro ba. Aiki ya bari, da gaskiyar da ke sa mutum ya kashe inji a kan awarsa, kuma tuni Yaya Rabi ta ɗauke su ba tare da ta gaya wa kowa ba. Raina fari ƙal da hakan.

Ranar Juma'ar da ta wuce ina lambun, 'ya'yan abokan Baba biyu suka fara gardama a kan ruwa, kowa ya ciro wayarsa yana nuna wa ɗan'uwansa. Yaya Rabi ta goge laka daga gilashin da gefen zaninta, ta duba.

"Agogon Idi ya ce saura minti bakwai," in ji ta.

Duka biyun suka mayar da wayoyinsu aljihu.