Ni Na Shanya Mandolin Yaya Sha'aibu

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Sha'aibu Kafinta na Malbaza. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in yi layi uku a kansa, in yage takardar. Yabonsa ba ya yi mini wuya, abin da ke biye da yabon ne ke tsayar mini da hannu. Bana na ce ko me zai faru sai na kai ƙarshe.

Ƙofofi da tagogi Yaya ke yi, da bencinan lakwal, wato makarantar boko. Ni kuwa gurmi nake kaɗa wa 'yan kokowa, kuma shi ke haɗa mini shi, daga ƙwarya har fatar guza. A shekarun tamanin wani direban motar siminti ya kawo masa gyaran wata abar kiɗa da ya sayo a Agadas, wai ita mandolin, kunnenta ɗaya na ɗame tsirkiya ya karye. Katako ce gaba da baya, babu fata ko kaɗan, ga tsirkiyar waya takwas, biyu-biyu. Yini guda ya gyara kunnen, amma ya riƙe ta mako uku, kullum da ƙaryar da zai yi wa direban. Ashe aunawa yake yi. Ya ɗauki karan dawa ya zana tazarar kowane ƙarfe da ke jere a wuyanta, ya ɗaure karan ya ɓoye a rufin shago.

Ta farko da ya ƙera, kukan kwaɗo take yi. Ta biyu wuyanta ya karkace tun ba a ɗaure wayoyin ba. Mutanen gari suka samu abin dariya, ni ne ma kan gaba, ina ce masa tsirkiya biyu ta ishe ni cin abinci, takwas ta mahaukata ce. Bai kula mu ba. Ya je har Konni neman busasshen maɗaci, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya, ya dafa gam da kansa da guntayen fatar shanu. Jaki kuwa, ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, ya sassaƙa ya fi goma yana zubarwa.

Ta uku ta ci masa shekara. Ran da ya kaɗa ta, matarsa Hadiza ta bar daka ta fito da taɓarya a hannu. Ni da nake tsiya na matso kusa ina saurare. Ban taɓa jin abu mai zaƙin murya irin wannan ya fito daga hannun ɗan garinmu ba, kuma gaskiya na ji kishi.

Da damina ta yi tsakiya aka kira shi aikin rufi a Badaguishiri, ya bar mini ita in koyi kaɗawa. An kwana biyu ana ruwa, sai na ji muryarta ta dushe. To, duk mai gurmi ya san maganin wannan. In fata ta sha sanyi ta saki, rana ake ba ta, ta ɗame, murya ta dawo. Haka muka tarar, haka kowa ke yi. Ko tunani ban yi ba na ɗora ta a kan kwanon rumfa na tafi gona.

Da na dawo da la'asar fuskarta ta ɗago daga jiki, wuyan ya rusuno, jaki ya nutse. Gam ɗin da ya sha laima ya haɗu da zafin kwano ya narke, wayoyi takwas suka ja abinsu. Na sauko da ita daga kan kwanon. Sai na mayar da ita cikin buhunta na rataye a ƙusa, kamar ban taɓa ta ba.

Da Yaya ya dawo ya daɗe yana juya ta, yana shafa wurin da ya buɗe. Bai ko dube ni ba ya ce, "Gam ɗina na, Hamidu. Aikin ga ba na irinmu na ba." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bai sake ƙera wata ba. Shekara goma sha ɗaya muka yi bayan nan muna cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Na raka shi Tsarnawa ɗaura ƙofa ba sau ɗaya ba, mu biyu kaɗai a hanya. Da ya kwanta ciwo ni ke juya shi. Kullum in ce gobe. Da farko tsoron fushinsa nake yi, daga baya kunyar daɗewar da na yi ban faɗa ba ta fi tsoron yawa.

Yanzu nakan zauna wajen masu gyaran wayar salula ina ganin yadda ake nuna komai a waya, har yadda ake ƙera irin wannan abin, daga sarar katako zuwa ɗaurin tsirkiya. Da Yaya na nan, na san ba za a raba shi da wayar ba, kuma zai yi ta yi wa masu nunawar gyara, don bai iya ganin aiki ya yi shiru ba. Amma ba za a jima ba zai ji an ce kada a bar ta a rana, zafi na narka gam. Nan tunanina ke tsayawa kullum, in tashi in kama zagaye gida. Ban san irin kallon da zai yi mini ba.

Watan jiya na je na gaya wa Hadiza. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras. Ina tsammanin za ta yi faɗa, ko ta yi dariya ta ce abin ya wuce. Tana murza carbi ta ce, "Ba ni kab ɓata ma ba, balle in yahe maka. Shi dai har yab bar duniya cewa shikai hannunai bai kai ba."

Ban yi barcin kirki ba tun ranar.

Me ya rage na Yaya Sha'aibu? Ƙofofinsa na nan, wasu sun ga jikokin waɗanda suka sa aka yi su. In an ambace shi sai a ce Allah ya jiƙan kafinta mai gaskiya, wanda ya taɓa ɓata shekaru a kan abin kiɗan da ya fi ƙarfinsa. Rabin farko na maganar daidai ne, rabin ƙarshe ƙaryata ce, ni na bar ta ta girma. Saboda haka tsofaffin Malbaza da suka yi masa dariya, waɗanda suka rage, su ji: abin bai fi ƙarfinsa ba, ya ƙera ta, ta yi murya, ni na shanya ta. Allah ya jiƙanka Yaya, ya sa ka huta. Kowa zai karanta wannan, ban da kai da ya kamata ka ji.