Tawul a Fuskar Mai Magani

Yayana mai aski ne. Tun ina firamare yake shagon nan: kujera ɗaya, madubi mai tsagewa a gefe, da bencin masu jira. Ba shi da surutu. Abin da ke sa mutane su tsallake shaguna su zo wurinsa shi ne tawul. In ya gama gyara maka gemu, sai ya tsoma tawul a ruwan ɗumi, ya matse, ya lulluɓe maka fuska, ya bar ka ka huta. Wasu har minshari suke yi.

A ƙarƙashin tawul ɗin nan aka kashe mai kantin magani na layinmu, da rana tsaka. Yaya ya juya yana wanke reza, wani ya shigo da hular kwano a kansa, ya harbe shi, ya fita ya hau babur. Bai ɗauki komai ba, wayar mamacin ma tana gefen madubi tana caji. 'Yan sanda suka riƙe Yaya, suka gaji suka sake shi. Har yau ba a kama kowa ba.

Shi ke nan, layinmu ya cika da masana. Mai gyaran waya, wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, ya ce wannan hayar makashi aka yi, ɓarawo ba ya barin waya. Direban tasi ya rantse abokin kasuwancin mamacin ne ya turo. Matar mai gidanmu ta ce rigimar fili ce. Kowa da nasa wanda ya biya, amma duk inda suka zaga, wuri ɗaya suke dawowa: wa ya gaya wa makashin lokacin da fuskar take rufe?

Ba wanda ya faɗa wa Yaya a ido. Bencin ne kawai ya daina cika.

Na ce, "Haba Yaya, ka buɗe baki mana! Ana cin namanka, kai kana shara?"

Ya ce, "In ce me, Auta?" Ya ci gaba da share ƙasan da ko silin gashi babu.

Bai yi fushi ba, bai yi kuka ba. In na kai masa abinci ya ci, in na tambaye shi gishiri ya ji, ya ce bai lura ba. Ni ma da masifata, a hankali ta ƙare. Sau ɗaya ya ce min bai damu da 'yan layi ba, ɗan mamacin ne damuwarsa. A kujerar nan yaron ya girma, yanzu magidanci ne. In shi ya yarda da Yaya, ya ishe shi.

Wata rana ina shagon sai ga ɗan mamacin. Ya gaishe mu, ya zauna, ya ce, "Baba, a rage min gemu."

Yaya ya ɗauki reza. Ya yi aikinsa tsaf. Da ya gama, ya tsoma tawul a ruwan ɗumi kamar kullum, ya matse, ya ɗaga.

Ɗan ya riƙe masa hannu. Ba da ƙarfi ba.

Ya ce, "Bar shi, Baba. Ina so in riƙa ganin ƙofa."

Yaya ya ce, "To."

Ya rataye tawul ɗin a ƙusa. Yana nan har yau, ya bushe ya ƙandare. Kullum Yaya yana buɗe shago da safe, amma ya daina ɗora ruwa.