Robar Kaka da Yarinyar Cikin Rijiya

Har yau in na ji ƙanshin man kaɗanya ya haɗu da hayaƙi, sai raina ya sosu. Kakata Hajjo nake tunawa, a Beli, lokacin sanyi, mu jikoki mun kewaye wuta bayan an ci tuwo.

Sana'arta yanka tsofaffin takalman roba masu zanen furanni, ta mayar da su awarwaro, dillaliya ta kai kasuwar Rogo. Amma robar da ta sha ƙasa ba ta da kyan gani. Sai an shafa mata jiƙaƙƙen ƙaro don zanen ya kama, in ya bushe a bi da man kaɗanya, a yi ta murzawa da tsumma har ta ɗauki sheƙi. Murzar nan aikinmu ce, ladanmu kuwa tatsuniya.

"Ga ta nan tafe, kowa ya kama tsummansa," haka take farawa.

Labarin wata yarinya ne da rijiya ta haɗiye mata uwa. Ta kama igiyar guga ta sauka, ta tarar da ƙofa a ƙarƙashin ruwa, tana jin muryar uwar daga ciki. Da ta buɗe sai ga wata ƙofar. Kullum a bakin ƙofa Kaka take tsayar da labarin.

Sai in ce, "Kaka, don Allah, ta ga uwar tata?"

"Kai, ja'iri, dubi robarka ko ƙyalli babu! In hannu ya tsaya, bakina ma ya tsaya."

Ni da tawa uwar ta rasu ina goye, wallahi na murza har yatsuna suka yi kanta. So nake kawai in ji sun haɗu. Kaka ta bar duniya yarinyar tana bakin ƙofa.

Sai da na yi aure na tambayi Goggo Asabe, babbar 'yar Kaka, yadda ya ƙare. Ta yi dariya har da hawaye.

"Ayya ɗan nan, ai ba shi da ƙarshe. Mu ma da shi ta sa mu ɓarar gyaɗa."

Ban yi dariya ba. Na ji ciwo ƙwarai. Na san da awarwaron nan ta ciyar da mu, ina kuma yi mata addu'a kullum. Amma ta san abin da nake jira a bayan ƙofar nan, ta dubi idona, ta ƙara miƙo mini roba.