Wayar da Kawu Yake Lasa

Jiya na ɗaura wa babur ɗina sabon agogo, amma da na kashe makulli sai ya manta lokaci. Masu kifin da nake kaiwa kasuwar Gaya kuwa ba sa jira. Ina bukatar wayar da wuta ba ta yankewa a cikinta ko an kashe makulli.

Sai na tuna marigayi Kawu, mai gyaran moto, wanda yake gane waya da harshe. Wata rana a inuwar mangwaronsa, hannu duk baƙin mai, ya miƙo mini guda: "Lasa, ɗana. Mai tsamin nan ba ta barci."

Haka na yi. Na dafa ƙarfe, na lasa har wata ta tsikare ni. Na haɗa, na saita da kiran azahar, agogo ya riƙe.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Tsamin yana bakina har yanzu.