Kawu Iro da Cinyar Turawa

Duk wanda ya zauna unguwar Nakkasa ta Makka kafin a rushe ta ya san Kawu Iro, yayan mahaifiyata, ba ya sayar wa Bahaushe nama sai ya kira sunan gurbin da yake so. Ka ce masa "laham", wato nama da Larabci, ka gani!

"Laham na ina?" zai ce min. "Dabba gari guda ce, kowace unguwa da sunanta. Ƙarfata kike so, ko awaza, ko gadon baya?"

Ni da aka haifa a Makka, Larabci ya cinye min harshe, sau nawa ya kora ni gida in tambayo Umma!

Wata shekara ƙanen mijina, Fahad, ya dawo daga karatu a Turai, ya nuna wa Kawu bidiyo a waya: cinyoyin alade an shafe su da gishiri, an rataye a ɗaki har shekara biyu. Muka zuba ido, muna jiran a'uzubillahi. Ina! Sau uku ya sa aka maimaita masa.

"Dubi yadda mai wuƙar nan ya bi jijiya," in ji shi. "Ya bar kitse daidai, ya yanka siriri kamar takarda."

"Kawu, hinzir ne fa!" in ji Fahad.

"Na gani, ya waladi. Dabbar ce haram, ba wuƙar ba. Allah ya shiryi mutumin nan ya koma rago."

Kashegari ya shafe cinyar rago da gishiri ya rataye a saman soro, a zafin Makka! Umma ta ce ya yi kilishinsa da ya iya, ya ƙi. Kwana biyar, magen unguwa ma ta yi ƙaura. Da maƙwabta suka yo gayya, ya sauko da ita yana toshe hanci.

"Aikina ba laifi," ya ce. "Makka ce ba ta karɓar bidi'a."

Bayan an mayar da mu unguwar Ka'akiyya idonsa ya mutu. A nan na ga abin da har yau ke tayar min da tsigar jiki. Wani maƙwabci ya kawo tsoka don ya gwada shi, ya ce rago ne. Kawu ya shafa, ya matsa, ya sunsuna.

"Akuya ce, tsohuwa. Ƙarfatar hagu. Kuma wanda ya daddatsa ta bahago ne."

Mutumin ya koma mayanka ya duba. Wallahi bahago ne! Ya dawo ya sumbaci kan Kawu.

Layyarsa ta ƙarshe, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Ya dage sai an kai shi gaban ragon. Muka hana, ya yi fushi, ya ƙi cin abinci. Mijina ya ɗauke shi cak ya ajiye, ya damƙa masa wuƙa. Hannun yana ta rawa har bakin wuƙar ya taɓa fata, sai ya tsaya cik. Ya feɗe ragon nan tas, ko huda ɗaya babu a fatar. Ya miƙa wuƙar ya ce, "Halas, na gama, ku wanke ta." Bai kai Muharram ba.

Allah ya jiƙan Kawu Iro. Yadda bai taɓa gallaza wa dabba da dakusasshiyar wuƙa ba, Allah ya sassauta masa kwanciyar kabari. Amin.