Ƙwallon Dabino a Baƙin Gwangwani

Mahasin ta daɗe tana sayar da shayi a bakin tashar ƙananan bas ta Ard al-Liwa a birnin Alƙahira, kuma a tsawon zamanta babu wanda ya taɓa tambayar ta ra'ayinta a kan komai, in ban da "yau ma babu na'ana'a?" Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka yada zango, zangon ya zama gida. A can ana ce mata Fallata. Da ta biyo miji Masar sai aka koma ce mata 'yar Sudan. Mijin ya rasu, ya bar mata risho da butoci da takardar zama wadda kullum wa'adinta ke gab da cika.

Abin da aka san ta da shi shi ne dabino. Duk wanda ya sayi shayi, sai ta ɗora masa ƙwaya ɗaya a gefen faranti, kyauta.

A watan Maris na 2011, ana shirin ƙuri'ar raba gardama kan gyaran tsarin mulki, gari ya cika da baki. Mutanen da da ko tari ba sa yi da ƙarfi, yanzu kowa ya zama lauya. Wata budurwa daga wani kamfanin jin ra'ayin jama'a ta zo tashar, tana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya: e za ka ce ko a'a? Mahasin ta goge hannu, ta gyara mayafi, ta shirya amsarta tsaf. Da budurwar ta iso gabanta sai ta yi murmushi ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya Hajja, Misirawa kaɗai muke tambaya. A ba ni shayi, ban da sukari."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Washegari ta zo da gwangwanayen tumatir biyu, ta naɗe ɗaya da koren ƙyalle, ɗaya da baƙi, kamar yadda aka ce launin e da a'a yake a takardar zaɓen. Ta ce duk wanda ya ci dabinonta ya jefa ƙwallon inda zuciyarsa take. Ranar farko ba wanda ya jefa. Kowa sai ya leƙa, ya ga wayam, ya tofar da ƙwallonsa a ƙasa. Nan ta gane ba mai son a ce shi ya fara. Daga ranar, kowace safiya kafin ta kunna risho, sai ta ci dabino biyu, ta jefa ƙwallo guda a kowane gwangwani don buɗe kasuwa.

Abu ya karɓu. Da yamma direbobi su taru a zazzage, a kwatanta tulin nan da wancan, a yi ta shewa. Kwalliya kuma ta biya, don koren ne ya rinjaya a tasha, shi ne kuma ya rinjaya a ƙasa. Haka aka sake yi a ƙarshen 2012 da aka kira wata ƙuri'ar, sai dai a wannan karon gardamar da zage-zage, har an taɓa fasa mata kofuna. Duk da haka Mahasin tana jin daɗi. Matar da ba ta da ƙuri'a ita ake zuwa tambaya ina ƙasa ta dosa.

A cikin direbobin akwai Usta Ishaq, Bamisire mai ƙaton ciki da bakin tsiya, wanda ko rana aka ce ta fito sai ya musa. Duka lokutan biyu baƙin gwangwani ya zaɓa, kuma ba a ɓoye ba. Daga nesa yake cilla ƙwallon, ya ce, "Ku shaida, ni dai a'a!" Duk tashar ta san shi da wannan.

Sai ga Janairun 2014, an sake kiran ƙuri'a a kan sabon tsarin mulki. Wannan karon kowane bango e yake cewa, ana ta raɗe-raɗin an kama masu liƙa takardun a'a. Da Mahasin ta yi tunani da ta bar gwangwanayen a gida. Amma sabo ya ja ta, ga kuma ɗan alfahari. Ta fito da su, ta jefa nata biyun kamar kullum. Mutane suka riƙa jefawa a koren da ƙarfi, yadda na kusa zai ji ƙarar. Usta Ishaq kansa ya sha shayinsa shiru, ya sunkuya ya ajiye ƙwallonsa a koren, bai ce kowa ya shaida ba.

Ana gobe zaɓe da hantsi, wasu jami'an tsaro biyu cikin farin kaya suka tsaya a gaban teburinta. Ba su nemi shayi ba. Ɗaya ya ɗaga baƙin gwangwanin ya girgiza, ƙwallo ɗaya ya yi ƙara a ciki.

"Wa ya jefa wannan?"

"Ni ce, ya Basha, ranka ya daɗe. Kullum ni nake farawa, ɗaya nan ɗaya nan."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya kwashe da dariya. "Ke? Ke da ba ki da ƙuri'a? Wa kike rufa wa asiri?"

Ta rantse da Allah, ta sake rantsewa. Ba su ko saurare ta ba, sun riga sun juya ga direbobi suna tambayar wane ne mai baƙin gwangwani a tashar nan. Idanu ne kawai suka tafi wajen motar Ishaq, shi kuwa yana can yana kiran fasinja. Suka tafi da shi, motar na tsaye injin na aiki.

Mahasin ta bi su da ƙafa tana faɗin ita ce. Ta je ofishin da aka ce an kai shi, mai gadin ƙofa ya ce, "Khalas, ya isa haka ya Hajja, ko so kike a duba takardar zamanki?" Ta dawo. Wannan dawowar ita ce ba ta taɓa yafe wa kanta ba. Amna matar Ishaq ta zo tashar sau ɗaya, ta tsaya ta kalli teburin, ta kalli Mahasin, ta wuce. Gwangwanayen kuwa tun ranar suka tafi bola.

Sai da zafi ya shigo sosai aka sako shi. Cikin nan ya zube, wando na neman faɗuwa, motar ma mai ita ya ba wani. Ya zo ya zauna a bencinta. Ta zuba masa shayi, ta ɗora dabino a gefe.

"Ya Usta, wallahi ni na jefa. Na gaya musu, sun ƙi ji."

"Na sani, ya Hajja," ya ce a hankali. "Ma'alish. Ni ma daga baya na ce musu ni ne."

Ya sa dabinon a baki ya tauna. Da ya kai ga ƙwallon sai ya tsaya. Ya dubi inda gwangwanayen suke a da, ya dubi ƙasa, ya waiga dama da hagu. Sannan ya kurɓi shayi mai zafi, ya haɗiye ƙwallon.