Ni Na Gaya Mata Ƙarshen Labarin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da adabin Turanci a wata makarantar sakandare a Jos kafin mu dawo Amurka da zama. Ina faɗar wannan tun da farko ne saboda a Greensboro babu wanda ya taɓa tambayata. A coci ni ce matar da ke kawo waina ranar bikin godiya. A wurin aiki kuwa mai kula da tsofaffi ce ni, da shuɗiyar riga da takalmin roba, ina auna hawan jini ina wanke kofi.

Kamfanin da nake wa aiki ya tura ni wani gida a unguwar Irving Park, wurin wata tsohuwar Baturiya da idonta ya kusa mutuwa. Mama muke ce mata. Mu biyu ne a kanta. Da safe akwai Hajiya, mutuniyar Gana daga zangon Kumasi, doguwa mai murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi. Ni kuma in karɓe ta da ƙarfe ɗaya, in tashi da yamma idan 'yar Mama ta dawo daga ofis.

A satina na farko ina goge ƙura a ɗakin karatu sai na ga littattafai bakwai a jere, masu koren bango. Na tsaya da tsumma a hannu. Duka na wata marubuciya ce ta ƙarni na sha tara, wadda ta yi ta rubutu a kan matan ƙananan garuruwa, da auren da ya yiwu da wanda bai yiwu ba, da gidajen gado da ake rigima a kansu cikin ladabi. A kan matar nan na rubuta kundina na gama jami'a, shafi sittin da huɗu, da hannu kafin a buga mini. Na koma falo na gaya wa Mama haka. Ta juyo da fuskarta inda take jin magana, ta ce tun tana 'yar shekara sha huɗu take karanta su, yanzu shekara uku ke nan ba ta iya ganin ko layi ɗaya. Ta ce ko zan karanta mata.

Daga ranar, ƙarfe uku zuwa huɗu ya zama nawa. Nakan cire safar hannun roba, in wanke hannu, in zauna a miƙe kamar a gaban aji. Ina fitar da kowane harafi yadda aka koya mini. Idan muka zo wuri mai muhimmanci in tsaya in yi bayani, in nuna mata abin da marubuciyar take nufi da ruwan sama ko da ƙofar da aka bari a buɗe. Mama takan ce, "Na gode, Malama." Wani lokaci takan yi gyangyaɗi, amma ai tsohuwa ce. Sa'a ɗayan nan ita kaɗai ce a duk yinin da nake jin ni ce ni, kuma wata huɗu muka yi a haka.

Sai mura ta kwantar da ni sati guda. Ranar da na koma, bas ta sauke ni da wuri, na shiga ta ƙofar kicin. Ban ko ajiye jaka ba na ji dariya daga falo, dariyar Mama, irin wadda ke ƙarewa da tari. Ban taɓa jin ta ba. Na leƙa. Ga Hajiya a kujerata, ta zame takalmi, littafi a cinya, tana bin layi da yatsa. Mafi tsawo a cikin bakwai ɗin ta ɗauko, labarin 'yar mai gyaran agogo da wani matashin likita da ke yawan kawo agogonsa gyara alhali lafiyarsa ƙalau.

Karatun kuwa, Allah ya kiyaye. Tana cin karo da kalma ta ja baya ta sake cin karo da ita. Inda ta gagara sai ta ce wa Mama da Turanci, "Wannan mu tsallake shi." Ta karanta layi uku ta rufe littafin a kan yatsarta, ta kama faɗa da mutanen ciki da Hausa.

"Ei! Wannan likita ba shi da kunya. Ka zo gidan mutane sau huɗu, ka sha shayi, ba ka ce komai ba? Uban wa zai faɗa maka?"

Mama ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta riƙe ciki tana cewa a fassara mata. Hajiya ta fassara, ta ƙara gishiri. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da jakata, ina kallonsu, raina a ɓace. Kishi ne, ba sai an kira shi da wani suna ba.

Da ƙarfe uku na ɗauko littafin zan ci gaba daga inda aka tsaya. Mama ta ɗaga hannu ta ce a'a, wannan a bar wa Hajiya, ni in karanta mata gajerun labaran marubuciyar. Na karanta ɗaya. Washegari ta ce kunnenta ya gaji, da safe sun yi babi biyu. Jibi ma haka. Kafin sati ya zagayo, ƙarfe uku ya koma lokacin ninke tawul.

Da a ce Hajiya muguwa ce da abin ya zo mini da sauƙi. Amma kullum idan muka haɗu a kicin muna duba takardar magani, sai ta turo mini roba cike da shinkafa da wake irin tasu, da yaji baƙi mai kifi. Ta ciro wata 'yar takarda inda ta rubuta kalmomin da suka gagare ta.

"Malama, taimake ni. Wannan fa, mene ne?"

In gaya mata, ina kallon gefe. Ta yi godiya har da riƙe mini hannu. Makaranta aji shida ta yi, ita da bakinta ta faɗa mini, ba ta kuma taɓa gama littafi ba a rayuwarta. Ba ta san shekarar da aka haifi marubuciyar ba, ba ta ma iya faɗar sunanta daidai. Na kwana ina lissafa wa mijina waɗannan abubuwa har ya ce in ƙyale shi ya ci tuwonsa. Ya ce ai aiki aka rage mini, me ya kai ni damuwa. Na yi tsaki na bar masa teburin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take zuwa da labarin a bakinta kamar gulmar unguwa. Ta tsani gwaggon yarinyar. Tana tausayin tsohon mai agogo saboda ya tuna mata da babanta. Likitan kuma ta yafe masa tun da ya tsaya a ruwan sama ya riƙe wa yarinyar lema. Wata Talata, saura babi goma sha ɗaya, ta tare ni a kicin tana ɗaura ɗankwali.

"Malama, an kusa biki. Wallahi jikina ya ba ni. Na ce wa Mama in an ɗaura auren nan ni zan dafa jalof, mu ci a falo."

Ina riƙe da kwalbar magani. Na ajiye ta a hankali, na ce, "Ai ba ya aurenta, Hajiya. 'Yar gwaggon yake aura. Uban ya mutu, ita kuma ta riƙe shagon ita kaɗai har ta tsufa."

Daga baya na yi ta ba kaina hanzari. A ajina ranar farko nake rubuta dukan labari a allo, daga farko har ƙarshe, domin yaran da jarrabawa ke jira ba su da lokacin zullumi. Haka aka koya mini, haka na koyar, kuma a wurinmu wanda ya san ƙarshe shi ne ya yi karatu. Duk wannan gaskiya ne. Amma a kicin ɗin nan ba koyarwa nake yi ba. Na san abin da nake ƙwacewa, na kuma ji daɗin ƙwace shi, na ɗan lokaci kaɗan.

Hajiya ta tsaya da hannu biyu a kan ɗankwali. Ta ce, "Saa?" wato haka ne, da yarensu na can. Na ce haka ne. Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta, ta yi mini sai gobe kamar kullum, ta fita. Robar abincin tana nan a kan tebur inda ta ajiye mini.

Washegari na zo da wuri da gangan, na tsaya a kicin ina saurare. Hajiya tana karatu, har ma ya fi na da kyau, domin ba ta tsayawa. Babu faɗa da likita, babu zagin gwaggo. Kwana biyu a haka, rana ta uku ta ce wa Mama idonta na ciwo, Malama ta ƙarasa, ai ita ce ta sani.

Da ƙarfe uku Mama ta ce in ɗauko littafin. Na wanke hannu, na zauna a kujerata, na buɗe. Kafin in fara ta ce, "Wani ya gaya mata."

Na kafa ido a kan shafin.

Ta ce, "Na ji a muryarta. Ni na san yadda ya ƙare, Malama, sau nawa na karanta shi. Duk wanda na sani ya san yadda ya ƙare. Ita ce kaɗai ba ta sani ba, shi ya sa nake son in ji shi a bakinta."

Na ce, "Ni ce." Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta gyara bargo a gwiwarta ta ce in karanta.

Na karanta. Kwana tara muka yi kafin mu kai ƙarshe, ban yi tuntuɓe da kalma ko ɗaya ba, ban kuma tsaya yin bayani ba. Mama ba ta yi gyangyaɗi ba, ba ta yi dariya ba. Da na rufe littafin ta ce, "Na gode, Malama," ta ce in kunna mata rediyo. Ƙarfe uku ya dawo hannuna, kullum ina karanta mata gajerun labarai, tana saurare cikin ladabi kamar mai jiran layi a asibiti.

Bayan kamar sati uku ina goge ƙura na ga littattafan sun zama shida. Ban tambaya ba. Da safe kuma, in na zo da wuri, nakan ji ƙus-ƙus da dariya a falo, amma da zarar ƙofar kicin ta yi ƙara sai a yi tsit, Hajiya ta fito tana tambayata ya hanya.

Wata Asabar na je cikin gari, na shiga babbar tashar bas zan koma gida. Can a kan benci na hango Hajiya, ba ranar aikinta ba ce, ta sa atamfa da mayafi, kanta a sunkuye. Koren littafi ne a cinyarta, yatsa a kan layi, leɓɓanta na motsi. Bas ɗin unguwarsu ta zo ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta rufe, ta tafi, Hajiya ba ta ɗago ba. Na matsa na yi mata sallama. Ta ɗago da fara'a, ta matsa mini wuri, ta tambayi maigida da yara. Amma tafin hannunta yana kan bangon littafin, ta rufe sunansa ruf.

"Mama ta ba ni aro," in ji ta. "Ina karantawa a gida, da safe in ba ta labari." Ta ɗan yi dariya, ta ƙara danne littafin. "Malama, don Allah, wannan kada ki gaya mini."

Na ce ba zan faɗa ba. Tun daga kaurinsa na gane wanne ne, na san wanda zai mutu a babi na ashirin, na san abin da ke cikin wasiƙar da ba a buɗe ba tukuna. Ta koma kan karatunta, na zauna a gefenta ina jiran bas. Can ta ja numfashi ta dafe ƙirji, ta ce, "Ei, yarinyar nan, kada ki shiga!" Na kalli shafin ta gefen ido. Na yi ƙoƙarin tuna ranar da ni ma ban san ko za ta shiga ba, na kasa.